Sun Bi Na'ura Sun Bar Mutane



Maganarmu ta yau a kan waɗansu manyan kamfanoni ce na ƙasar Amurka. Wani zai ce, ina ruwan mai sayar da atamfa da abin da ake yi a Amurka? To, ya laluba aljihunsa. Wayar da yake ciniki da ita, da kwamfutar da ke shagon mai buga takardu a bakin kasuwa, duk da kayan kamfanonin nan suke aiki. In suka yi atishawa can, mu ne da mura a nan.

A watan Nuwamba na 2022 wani kamfani mai suna OpenAI ya fito da ChatGPT, watau na'urar da aka ɗura wa rubuce-rubucen mutane masu ɗimbin yawa har tana amsa tambaya kamar mutum. Ita ake kira ƙirƙirarriyar basira. Tun daga ranar manyan suka shiga tsere, kowa na tsoron a bar shi a baya. Tseren kuwa mai cin kuɗi ne, don sai an gina manya-manyan gidaje an cika su da kwamfutoci masu shan wutar lantarki ba dare ba rana.

Mu ɗauki Microsoft. A Janairun 2025 ya ce zai kashe dala miliyan dubu 80 cikin shekara guda wajen gina irin gidajen nan. A watan Mayu ya sallami ma'aikata wajen 6,000. A Yuli ya ƙara da wajen 9,000. Ko kasuwa ce ta faɗi? A'a! Ribar da ya ci a shekarar kuɗinsa da ta ƙare a Yunin 2025 ta haura dala miliyan dubu 100. Shugabansa, Satya Nadella, har ya rubuta wa sauran ma'aikata cewa korar tana damunsa. Muna jin sa. Amma damuwar mai gida ba ta biya wa korarre kuɗin haya. Amazon ma a Oktoban 2025 ya sanar da rage ma'aikatan ofis 14,000.

Sai mu juyo ga masu saye, nan ne abin ya fi taɓa mu. A 2025 Microsoft ya cusa na'urarsa mai suna Copilot cikin kayan rubutu da lissafi da mutane ke biya wata-wata, ya ɗaga kuɗin a Amurka daga kusan dala 7 zuwa kusan dala 10. Ba wanda ya roƙa. Kamar ka zo sayen mudun gero ne, mai awo ya ɗora maka barkono a kai ya ce sai ka biya duka. A Ostireliya hukumar kare masu saye ta kai shi kotu a Oktoban 2025, ta ce ya ɓoye wa mutane wajen miliyan 2.7 cewa akwai hanyar zama a tsohon farashi. Da ya ga an tsaya masa, sai ya nemi gafara ya ce zai mayar da kuɗi. Ku riƙe wannan, za mu koma kansa.

Ran 14 ga Oktoba, 2025 kuma ya daina gyara Windows 10 kyauta ga kowa da kowa, sai wanda ya shiga wani shirin ƙarin wa'adi. Sabon, Windows 11, ba ya hawa tsofaffin kwamfutoci da yawa. To, wa ke amfani da tsohuwar kwamfuta? Mu ne, masu sayen ta hannu. Na'ura lafiyarta lau, amma an janye mata mai gadi, ɓarayin intanet suna iya shiga.

Akwai kuma waɗanda ba a ganinsu. A 2023 mujallar Time ta tona cewa a Nairobi ta ƙasar Kenya, wani ɗan kwangila mai suna Sama ya sa matasa karanta ƙazaman rubuce-rubuce don a tsabtace ChatGPT, a kan ladan da bai kai dala 2 a awa ba. A wannan kamfani ne kuma masu tace hotuna da maganganun Facebook suke, har da masu duba na Hausa. A shekarar aka sallame su, su 184 suka kai ƙara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Kada a ce muna ƙin ci gaba. Na'ura in tana sauƙaƙa aiki, maraba da ita. Amma ku dubi Klarna, kamfanin ba da bashi na ƙasar Suwidin. A 2024 ya yi alfahari cewa na'urarsa tana yin aikin mutum 700 wajen sauraron koke-koken masu hulɗa da shi. A 2025 shugabansa da bakinsa ya ce aikin ya ragu a inganci, ya koma neman mutane.

Mun ce za mu koma kan Ostireliya. Abin da ya sa aka mayar musu da kuɗi shi ne suna da hukuma mai tsayawa. Mu ma muna da hukumar kare masu saye a Abuja, kuma a 2024 ta ci Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220. Ashe in an so ana iyawa. Don haka muna kira ga gwamnati ta wajabta wa duk kamfanin da ke cin kuɗinmu ya ajiye mutum, mai jin harshenmu, wanda ɗan kasuwa zai kai wa kuka in an rufe masa shafin cinikinsa. Ku kuma shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, ku riƙa tattara koke-koken 'ya'yanku a rubuce, da rana da wata, a kai su gaba ɗaya. Wanda kuma zai sayi kwamfuta ta hannu, ya sa mai sayarwa ya nuna masa tana ɗaukar Windows 11 kafin ya zaro ko kwabo.