Daga Ƙwarya Zuwa Leda: Ina Muka Dosa?



Abin da zan yi magana a kansa yau ƙarami ne a ido, har wani zai ce bai kai a tara masu ilmi dominsa ba. Ba kome ba ne illa ledar da kowannenmu ya karɓa da safen nan wajen mai ƙosai, ya ci, ya yar, ya wuce. To, ina take yanzu?

Bari mu fara da asalinta. A shekarar 1933 aka gano irin robar da ake yin leda da ita, a wani kamfanin harhaɗa sinadarai na Ingila. Jakar leda kuwa irin wadda muka sani, wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin mai suna Sten Gustaf Thulin ne ya ƙago ta, aka yi mata rajista a 1965. Watau duka-duka shekarunta ba su wuce na dattijo guda ba. Amma a 2017 wasu masana a Amurka sun ƙiyasta cewa daga 1950 zuwa 2015 duniya ta ƙera roba tan biliyan 8.3, kuma daga cikin wadda ta zama shara, kashi 9 cikin ɗari kaɗai aka sake sarrafawa. Sauran an ƙona kaɗan, mafi yawa kuwa na nan jibge a juji, ko cikin ƙasa, ko cikin ruwa.

Dalili shi ne, daga man fetur da iskar gas ake yin leda, kuma ƙwayoyin halittar da ke cinye ganye da kara su mai da su taki ba su iya cinta. Rana takan farfasa ta ta koma ɓurɓushi, amma ɓurɓushin roba ne dai. Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. Ku dubi lambatun unguwarku da damina. Ku tambayi mahauta abin da sukan tarar a tumbin saniya ko akuya mai kiwon bola. Ku tambayi manomin da ya sayi takin juji ya zuba a gona, ya ga leda ta fi takin yawa.

Yanzu ku waiwayi ɗakin kakanninmu. Ƙwarya da ludayi da mara daga duma suke. Akushi da muciya daga itace. Faifai da tabarma da kwando daga kaba da ciyawa. Randa da tulu daga yumɓu, igiya daga rama, soso daga yaɗo, asuwaki daga reshe. Alala a ganye ake ƙulla ta, goro ma a ganye yake tahowa daga Gwanja har Kano. Kowane ɗayansu ƙasa ce ta ba da shi, in ya tsufa ya koma cikinta, baɗi kuma a shuka wani. Ƙwarya ma in ta tsage ba a yar da ita, sai a kai wa mai ɗinki. Abin da Turawa ke taro a kansa yau suna kira kaya masu ruɓewa da sabuntuwa, shi ne muka ture gefe muka ce ƙauyanci ne.

Kada ku ɗauka ina cewa mu koma jiya ɗungurungum. Likita ba zai yi allura da kara ba, kuma roba ta yi rana a asibiti da wajen jawo ruwan famfo. Ƙorafina a kan abin da ake amfani da shi na minti biyar ne, alhali zai fi mai shi daɗewa a duniya.

Wasu ƙasashe sun farga. Bangaladash ta hana siririyar leda a 2002, bayan an ga yadda take toshe magudanan ruwa lokacin ambaliya. Ruwanda ta bi sahu a 2008, Kenya a 2017 da doka mai tsanani wadda ta tanadi ɗauri har na shekara huɗu. Jamhuriyar Nijar ta yi tata dokar a 2014, Jihar Legas kuma ta hana mazubin abinci na farin soso a 2024. Sai dai duk wanda ya shiga kasuwa ya san yin doka daban, bin ta daban, muddin ba a ba mai koko abin da za ta ƙulla kokonta a ciki ba.

A nan ne sabbin kaya suka shigo: leda daga sitacin rogo ko masara, faranti daga tuƙar rake, cokali daga gora. Abin marhabin ne, amma ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. A 2019 masu bincike a Jami'ar Plymouth ta Ingila sun ba da rahoton cewa sun binne wasu ledoji da aka rubuta musu "mai ruɓewa", bayan shekara uku suka tono su, suka tarar har yanzu suna iya ɗaukar kayan cefane. Robar masara kuwa ba ta ruɓewa da sauri sai a wurin haɗa taki na musamman mai zafin da ya kusa digiri 60. Haka nan a 2011 hukumar muhalli ta Ingila ta lissafa cewa jakar auduga sai an yi amfani da ita sau 131 kafin ta fanshe hayaƙin da aka fitar wajen yin ta, in an gwada da leda guda. Ashe maganar ba ta tsaya ga irin abin da aka yi kaya da shi ba, ta haɗa da sau nawa aka mora. Kaba ma, in aka yi ta yanka ba a barin goriba ta girma, ranar ƙarewarta na zuwa.

'Yan'uwa, a cikinku akwai waɗanda gobe za su zauna a ofis su sa hannu a takardar sayen kayan makaranta da na taro. Ranar nan ku tuna da masaƙan tabarma da masu ginin tukwane, domin kuɗin da aka ba su a gari yake kwana. Masu karatun kimiyya, ga rogo ga rama ga karan dawa suna jiran bincikenku. Kafin nan, kowa ya tafi wajen mai abinci da kwanonsa, ya shiga kasuwa da jakarsa, in an miƙo masa leda ta biyu ya ce ya gode. Ina kuma roƙon ƙungiyarmu ta fara da kanta: a walimarta ta gaba, a kawo fura a ƙwarya, mu gani ko wani zai ƙi sha.