Dabbar Da Ta Mutu A Taru: Kuskure Ne Ko Ganganci?

Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin tudu da teku. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa Musulmi, karatunmu na yau a kan wata dabba ne wadda mafi yawanmu ba mu taɓa gani ba, wato dolfin. A teku take zaune, kuma siffarta ta kifi ce, amma haihuwa take yi, ta shayar da ɗanta nono, kuma tilas ta riƙa tasowa saman ruwa tana shaƙar iska, kamar dai ayun da masuntanmu suka sani a Kwara da Binuwai. Saboda haka idan taru ya riƙe ta a ƙarƙashin ruwa, mutuwa take yi.

A gabashin tekun Fasifik, daura da ƙasar Meziko zuwa kudu, Allah cikin ikonSa Ya sanya manyan kifin tuna suna bin ƙarƙashin garken dolfin. Tun ƙarshen shekarun 1950 masu manyan jiragen kamun kifi suka mayar da wannan hanyar nemansu: su hango garken, su kora shi da ƙananan jirage masu inji, su kewaye shi da tarun da ya wuce kilomita ɗaya, sannan su zuge gindinsa kamar bakin jaka. Tuna a kwashe a kai masana'antar gwangwani, gawar dolfin a watsar a ruwa. An ƙiyasta cewa sama da dolfin miliyan 6 suka halaka ta haka. Sunan da aka ba abin shi ne kamu na kuskure.

To, mene ne matsayin shari'a? Malamanmu na Malikiyya sun halatta cin dabbobin teku baki ɗaya, Hanafiyya kuwa kifi kaɗai suka halatta. Sai dai a nan ba a kan ci ake magana ba, domin babu wanda ya ci. Kashewa aka yi aka zubar. Ya tabbata cikin Bukhari da Muslim cewa Allah Ya zargi wani Annabi da ya sa aka ƙone gidan tururuwa duka saboda guda ɗaya ta cije shi. Wancan ma yana da hanzarin cizo. Dolfin kuwa wa ta ciza?

Haƙiƙa Allah Ya ɗauke wa wannan al'umma laifin kuskure da mantuwa, kuma masuncin da ya jefa komarsa don abincin iyalinsa, wata dabba ta faɗa ciki bai sani ba, babu zunubi a kansa. Amma wanda ya nemo garken da idonsa, ya kewaye shi, yana sane da abin da zai faru domin jiya ma ya faru, wannan ba mu san wani babi na fiƙihu da ya kira aikinsa kuskure ba.

Abin da ya biyo baya shi ne hujjarmu. Amurka ta kafa dokar kare irin waɗannan dabbobi a 1972. A 1988 wani mutum mai suna Sam LaBudde ya fito da hoton bidiyon da ya ɗauka yana aiki a wani jirgi mai tutar Panama, jama'a suka ƙaurace wa gwangwanin tuna, a 1990 manyan kamfanoni uku suka ce sun daina sayen kifin da aka kama ta haka. Bayan yarjejeniyar La Jolla ta 1992 aka riƙa sanya mai sa ido a kowane babban jirgi, aka tsananta dabarar ja da baya da jirgi har gefen tarun ya nutse dabbobin su fice. Mutuwar da ta kai kusan 132,000 a 1986 ta sauko ƙasa da 2,000 a shekara. Ashe dama da mafita. Abin kunya ga ɗan Adam shi ne, idon kyamara da tsoron asarar kasuwa suka hana shi abin da tsoron Allah ya isa ya hana.

Kada kuma mu ɗauka zancen ya ƙare. Wancan lissafi na gawar da aka gani a taru ne kawai. Jaririn da ya rabu da uwarsa lokacin kora, ya rasa nono ya mutu can nesa da jirgi, ba ya cikinsa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.