Zafin Rana da Albarushi: Abin da Ya Faru a Saifurus

Yau albarushi za mu taɓa, kuma ku ɗan yi haƙuri da ni, akwai inda na dosa.

A Amurka akwai maharban da ke cika harsashinsu da kansu a gida: su tattara kwanson da suka harba, su sake zuba masa albarushi mara hayaƙi. Abin da suke yawan gargaɗin juna a kai shi ne zafi. Harsashin da aka gwada lokacin sanyi ya tafi lafiya lau, idan ya sha rana a cikin mota sai albarushin ya ƙone da sauri fiye da da, ƙarfin da ke cikin bindigar ya haura, wani sa'in har kwanson ya maƙale. Turawan Ingila ma sun gamu da wannan da suka zo farauta Afirka, dole aka riƙa rage musu albarushi a harsashin ƙasashe masu zafi.

Wannan na mutum ɗaya ne da bindigarsa. Ni abin da ya fi damuna shi ne na ajiya. Albarushin nan yana ruɓewa a hankali, shi ya sa ake haɗa shi da wani sinadari mai tare ruɓewar. Zafi yana cinye sinadarin. Ran da ya ƙare, albarushin na iya kama wuta da kansa, ba ashana ba komai.

A tsibirin Saifurus, kwantena 98 na kayan yaƙi da aka ƙwace daga wani jirgin ruwa a 2009 aka jibge a fili, a sansanin sojan ruwa, sama da shekara biyu rana na dukansu. Har sai da wata kwantena ta kumbura, aka koma watsa musu ruwa. Ruwa fa! Ranar 11 ga Yulin 2011 suka tashi. Mutum 13 suka mutu, har da shugaban sojan ruwan ƙasar, babbar tashar lantarkinsu kuma ta wargaje.

To, Sakkwato da Maiduguri suna haura digiri 40 a watan Afrilu, kuma barikokinmu da yawa gari ya riga ya kewaye su. Fashewar rumbun makamai na Ikeja a 2002 ta ci fiye da mutum 1,000. Ban ce zafi ne ya jawo ta ba, amma ta nuna mana su wa ke kwana kusa da irin waɗannan rumbuna.

In gidanku na jikin bariki, ku tambayi ɗan majalisarku: yaushe rabon da a gwada abin da ke ajiye a ciki? Ku rubuto mana amsar da ya ba ku.