HAƊA BINDIGA A GIDA: ABIN DA DOKA TA CE



'Yan'uwanmu masu gadi da fatake a Sabon Ibadan da Agege suna yawan tambaya: in mutum ya sayi gutsattsarin ƙarfen bindiga da ba a gama ƙerawa ba, ya haɗa da kansa don tsaron gida, ya yi laifi? Sun ji labarin Amurka, inda ake sayar da irin waɗannan kaya. To, can ma a 2022 gwamnati ta wajabta sa musu lamba da binciken mai saye, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2025.

A nan Nijeriya kuwa, Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko haɗa ta, sai a ma'ajiyar makaman hukuma. Ko maƙerin bindigar toka sai da izinin Sufeto-Janar na 'Yan Sanda. Hukuncin wanda ya saɓa ɗaurin shekara 10 ne, mafi ƙaranci. Dokar fashi ta 1984 kuma ta yanka wa mai riƙe bindiga ba lasin tarar naira 20,000, ko shekara 10, ko duka biyu.

Ban da wannan, bakin bindigar da ba a gwada ƙarfinsa ba yakan tsage, ya ci hannun mai harbi ko idonsa.

Saboda haka, in maigida ya miƙa maka bindiga ya ce ka yi gadi, ka nemi ganin lasin mai sunanka. In babu, kada ka karɓa. Ranar kamu, wanda aka samu da ita a hannu shi ake gurfanarwa.

Allah ya tsare mu. Wassalam.