Ciwon Asma Ba Ya Hana Dambe

Maganarmu ta yau a kan samari ce, 'yan dambe da 'yan kokawa da 'yan ƙwallo na ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum.

In kaka ta yi, an kai amfani gida, kalangu ya kan kira maza fili. Lokacin nan ne kuwa hunturu ke sauka, daga Nuwamba har Fabrairu. Sai ka ga saurayi ƙaƙƙarfa ya gama turmi lafiya lau, ya koma gefe. Bayan minti 5 ko 10 tari ya kama shi, ƙirji ya ɗaure, numfashi na fita kamar fito. Waɗansu su ce ragwanci ne, waɗansu su ce abokin karawarsa ya yi masa asiri. Ko ɗaya babu. Ciwon asma ne, irin wanda gudu da wasan ƙarfi ke tayarwa. Ba tarin fuka ba ne, ba a kuwa ɗaukarsa daga jikin wani.

Ga yadda abin ya ke. Hanci ne ke ɗumama iska, ya jiƙa ta, ya tace ƙura. Amma mai haki ta baki ya ke numfashi, sai busasshiyar iska mai sanyi ta zarce cikin huhu. Ƙananan hanyoyin iska su bushe, su kumbura, su tsuke. Galibi ya kan lafa cikin awa guda, shi ya sa a ke raina shi. Amma in aka yi sakaci ya kan kashe.

Ciwon nan ba ya raba mutum da wasa. Paul Scholes na Manchester United da shi ya yi ƙwallonsa. Paula Radcliffe ta Ingila ma tana da shi, duk da haka a 2003 ta yi gudun kilomita 42 a Landan cikin awa 2 da minti 15, ta kafa tarihi a duniya. To, kai ma ga abin da za ka yi.

Na ɗaya, zo ɗakin shan magani a duba ka. In asma ce, akwai maganin shaƙa, watau Salbutamol, wanda aka fi sani da Ventolin. Ka shaƙa sau 2, minti 15 kafin ka shiga fili. Malamin asibiti zai nuna maka yadda a ke haɗa shi da gorar roba don ya isa huhu sosai.

Na biyu, kada ka faɗa wasa da jiki a sanyaye. Ka yi minti 10 ko 15 kana sassarfa kana tsayawa, har jiki ya ɗumama.

Na uku, da sanyin safiya ko ranar hazo ka rufe hanci da baki da ƙyalle. Ka bar taba. Ka nisanci wurin sussuka, da hayaƙin ƙunar daji, da inda a ke niƙan dutsen zinariya. Ƙurar nan ta ƙarshe mun san ta, gama gubar dalmar cikinta ce ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010.

Na huɗu, in ciwon na tayar maka fiye da sau 2 a mako, ko tari na hana ka barci, Ventolin kaɗai bai isa ba. Koma asibiti, akwai wani na shaƙa kullum wanda ke kwantar da kumburin.

Ku kuma 'yan kallo, in ya sarƙe a fili, ku zaunar da shi a miƙe, kada ku kwantar da shi, kada ku yi masa turare. Ku ba shi maganin, shaƙa ɗaya kowane minti, har 10. In ya kasa ƙarasa magana, ko leɓɓansa sun yi toka-toka, ku garzaya da shi babban asibitin Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum. Kada ku jira gari ya waye.

Rigakafi ya fi magani.