Auna Cika Alkawari a Wurin Gini



A wurin gini mun saba da tambayoyi biyu: nawa aka kashe, kuma kwana nawa aka ci? Duk suna da amfani, sai dai labarin abin da ya riga ya wuce suke bayarwa. Kafin lissafin wata ya fito, birkila ya yi kwanaki yana jiran yashi, kafinta ya kwance katakon da ya buga saboda an sauya zane, siminti ya daskare a sito.

Yaƙi da irin wannan asara ya samo tushe daga kamfanin Toyota na Japan, inda Taiichi Ohno ya zayyana nau'o'in ɓarna 7, ciki har da zaman jira, da jigilar da ba ta da dalili, da aikin da sai an sake. A 1992 Lauri Koskela, mutumin Finland, ya nuna a wani rahoto da ya rubuta a Jami'ar Stanford cewa harkar gini ma za ta amfana da wannan tunani. Glenn Ballard da Greg Howell, waɗanda suka kafa Lean Construction Institute a Amurka a 1997, suka bi wuraren gini, suka tarar cewa kusan rabin ayyukan da ake tsarawa a mako ba sa kammaluwa a makon.

Ma'aunin da suka fito da shi ba shi da wuya. A farkon mako shugaban kowane rukuni ya faɗi da bakinsa abin da zai gama, bayan ya tabbatar kaya da ma'aikata da zane suna hannu. A ƙarshen mako sai a ƙirga. In alkawura 20 aka yi, 13 suka cika, to kashi 65 cikin 100 ke nan. Aikin da ya rage kaɗan, sunansa bai cika ba, domin mai fenti ba ya hawa bangon da ba a gama shafe shi ba.

Amfanin ma'aunin yana cikin guda 7 ɗin da suka rage. Kowanne a tambayi dalilinsa, a ci gaba da tambaya har a kai saiwa. Rodi ne bai iso ba? Me ya hana? Kuɗi ne bai fito ba, ko ba a yi oda da wuri ba? Bayan makonni, dalilin da ya fi maimaituwa zai bayyana, a nan gyara zai fara.

Ina jan hankalin 'yan kwangila: ranar da kuka mai da wannan lissafi bulalar dukan ma'aikata, kowa zai riƙa yin ƙaramin alkawari don ya tsira, lissafi ya yi kyau, gini ya tsaya.

Roƙona gare ku, ku fara daga mako mai zuwa. Allo da alli sun isa. Ku rubuta alkawura, ku ƙirga, ku binciki dalili.