Ara Mini Ko Aro Mini? Jawabi Kan Kalmar "Borrow"



Yau kalma ɗaya tak muka zo da ita gabanku, wato "borrow". Mun zaɓe ta ne domin babu ranar da ba a jin ta a ɗakin karatu ko a ofis, kuma sau tari a gurguje ake jefa ta inda ba gurbinta ba. Wa bai taɓa jin an ce "Borrow me your pen" ba? Mai maganar yana nufin a ara masa alƙalami, amma a daidaitaccen Turanci ba abin da ya faɗa ke nan ba.

Kada mu yi saurin cewa jahilci ne. Tushen abin yana cikin harshenmu. Bahaushe yana da saiwa ɗaya, sai ya sauya ƙarshenta ya nuna inda kaya suka nufa. Idan ya ce "na ari littafi", littafin ya zo hannunsa. Idan ya ce "na ara masa littafi", littafin ya bar hannunsa. Haka "na ranci kuɗi" da "na ranta masa kuɗi", haka kuma "na koyi karatu" da "na koya masa karatu". Wannan tsari ne F. W. Parsons na Jami'ar Landan ya bayyana a 1960, inda ya kasa aikatau na Hausa giredi 7. Turanci kuwa ba ya yin haka a nan. Kalmomi biyu ya ware: "borrow" ta mai karɓa, "lend" ta mai bayarwa, kamar yadda ya ware "learn" da "teach". To, idan ɗalibi ya ɗauki "borrow" ya sa ta aikin "ara" gaba da baya, ya ɗora nahawun Hausa ne a kan kalmar Turanci.

Ga ƙa'idar a taƙaice. Kafin mu buɗe baki, mu tambayi kanmu: wanda ke farkon jimlar nan, karɓa yake yi ko bayarwa? In karɓa yake yi, sai "borrow", abokiyar tafiyarta kuwa "from": "I borrowed a book from the library." In bayarwa yake yi, sai "lend", wadda ke tafiya da "to" ko kuma ta ɗauki mutum kai tsaye: "She lent her notes to me", ko "She lent me her notes." Mu lura, "lent" ake cewa ga abin da ya wuce, ba "lended" ba. Saboda haka mai neman alƙalami yana da hanya biyu: "Please lend me your pen", ko "May I borrow your pen?"

Akwai wurin da "borrow me" ke iya zama daidai, kuma Hausa ce za ta fayyace mana shi. "Borrow me a book from the library" ma'anarta ka je ka karɓo mini daga wajen wani, wato "aro mini". "Lend me" ita ce "ara mini". Wasali ɗaya ne ya raba su a bakinmu, amma ba Bahaushen da zai rikita su. Ashe ke nan ilimin yana wurinmu tun tuni, sai dai mu kai shi ɗaya harshen.

Wani wurin ma Hausa ta fi Turanci tantancewa. Muna raba aro, wanda ake mayar da abin kansa, kamar keke ko tsani, da rance, wanda ake mayar da kwatankwacinsa, kamar kuɗi ko hatsi. Bature "borrow" yake cewa duka biyun. Asalin kalmar ma daga tsohon Turanci ne, "borg", wato jingina ko lamuni.

Wani zai ce, ai ana fahimta, mene ne na damuwa? A hira tsakaninmu, gaskiya ne, har ma akwai yankunan Amurka da ake jin "borrow me" a bakin mutanen gari. Amma takarda ba ta da fuska, ba ta nuni da hannu. Mai duba jarrabawa zai ja layi ya rage maki. Ma'aikacin da ya rubuta a fayil cewa ofishinsu "borrowed" alhali bayarwa suka yi, ya mai da mai bin bashi wanda ake bi, kuma bayan shekaru mai binciken kuɗi abin da ke rubuce zai karanta, ba abin da ke zuciyar marubuci ba.

Darasin ya wuce wannan kalma. Haddar kalma da fassararta kaɗai ba ta isa ba, sai an san da wa take zama a jimla. A kan wannan fahimta A. S. Hornby, wanda ya koyar da Turanci a Japan, ya gina ƙamusunsa na masu koyo, wanda ya fito a Tokiyo a 1942, kamfanin Oxford ya sake buga shi a 1948. Shawararmu ita ce, duk kalmar da muka duba, mu kwafi jimlar misalin tare da ita, mu ƙirƙiro namu guda 3, sannan mu juya su zuwa Hausa mu ga ko kayan sun nufi inda muke so.

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Turanci zai ci gaba da zama mana zanen aro muddin haddarsa muke yi ba tare da auna shi da harshen da muka tsotsa ba. Ranar da muka iya auna su biyun, ranar ya zama namu.